Wasiƙa Daga Madina: Kwana Talatin Kyauta, Sannan Fa?

A makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar aika kuɗi gida, amma ku yi mini afuwa, wani abu ya faru a maƙwabtanmu da ya sa na jingine ta zuwa gaba.

A nan Harra ta Yamma, duk wanda aka taɓa gani ya gyara wa wani kwamfuta sau ɗaya, to shi ke nan ya zama injiniyan layi. Haka ta faru da ni. Ban karanci fannin ba, yau da gobe ce kawai ta koya mini. Teburin falona ba ya rabo da kwamfutar wani: yau ta jikan wata Hajiya da aka haifa a nan, gobe ta ɗaya daga cikin ɗaliban Jami'ar Musulunci masu iyali, waɗanda suke kama haya a unguwar saboda ba ta da nisa da makaranta. Mafi yawan abin da ake kawo mini bai wuce na minti goma ba. Na daren Talatar da ta wuce ba irinsu ba ne.

Bayan sallar isha aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ƙanena ne a karatu, ɗan Maraɗi, yana shekarar ƙarshe ta majistir a fannin fiƙihu. Ko gaisuwa bai gama ba ya ajiye kwamfutar a gabana ya ce, "Yaya, duba mini, risalata ba ta buɗewa." Saura mako uku ya miƙa ta ga mushrifinsa.

Da na tambaye shi yadda aka yi, sai labarin ya fito daki-daki. Tsohuwar kwamfutarsa ta mutu, ya sayi wata ta hannu a wani shago, mai shagon ya ce masa komai an sa a ciki. Ya kwashe aikinsa daga filashi ya zuba, ya ci gaba da rubutu a Word lafiya lau. Bayan 'yan makonni sai ga wani saƙo a saman shafin, kuma ko ya danna harafi ba ya fita. Abin da mai shagon bai faɗa masa ba shi ne, abin da aka girka ba shi da lasisi, na ɗan wa'adi ne. Kuma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne a tsarin masu manhajar: idan wa'adin gwaji ko na biya ya ƙare, za ka iya buɗe takardarka ka karanta, za ka iya bugawa, amma ba za ka gyara ko ka fara sabuwa ba. Har zuwa nan ba abin da ya ɓata. Risalarsa tana nan daram, alƙalamin kawai aka karɓe.

Sai ya shiga intanet neman mafita. Ya samu wani bidiyo, a ƙarƙashinsa akwai inda za a danna a saukar da abin da ake cewa kirak, wato 'yar manhajar da ke ɓalle kwaɗon lasisi. Mai bidiyon ya ce kafin a girka sai an kashe manhajar tsaron kwamfuta, don wai tana hana shi aiki. Ya kashe. Na ce masa, "Ustaz, baƙon da ya ce sai ka sallami mai gadi kafin ya shigo, me ya zo yi gidanka?" Ya sunkuyar da kai, ni ma na ji ban kyauta ba, don ba lokacin wa'azi ba ne.

Abin da na gani a kwamfutar shi ne, kowane fayil an liƙa masa wasu baƙin haruffa huɗu a ƙarshen sunansa: babukan risala, hotunan 'ya'yansa, darussan da ya naɗa a Harami, duka. Kusa da su kuma ga wata 'yar takarda da Turanci tana cewa an kulle komai, mabuɗin yana hannunsu, kuɗinsa dala 980, amma in ka tuntuɓe su cikin awa 72 za su yi maka ragi zuwa dala 490. A canjin riyal 3.75 kan dala ɗaya, na farko ya kama riyal 3,675, na ragin kuma wajen 1,840, wanda shi ma ya zarce abin da yake samu a wata. Wannan irin cuta masana tsaro suna kiranta STOP ko Djvu, tun wajen 2018 take yawo, kuma babbar hanyarta ita ce wannan ɗin: kirak da manhajojin sata. Garkuwa ce da neman kuɗin fansa, irin wadda mutanenmu suka sani a daji, sai dai wannan da hannunka kake buɗe musu ƙofa.

Ba mu biya ba, kuma ba na ba kowa shawarar biya, don ba wanda zai tsaya maka in sun karɓa sun yi shiru. Akwai manhajar kyauta da wani kamfanin tsaro ya fitar mai kwance wasu nau'o'in cutar, mun gwada, tasa ba ta cikin masu kwantuwa. Abin da ya cece shi bai da alaƙa da ƙwarewata. Babi na ɗaya zuwa na uku ya taɓa aika wa mushrifinsa ta imel, muka sauko da su. Muƙaddima tana cikin WhatsApp, ya tura wa wani abokinsa ya duba masa nahawu. Filashin da ya kwaso aikin da shi kuwa yana jikin kwamfutar lokacin da abin ya faru, shi ma ya tafi. Babi na huɗu, aikin wata biyar, babu shi ko'ina sai a wasu takardu da ya buga watanni biyu da suka wuce, cike da jan biron malam, kuma ba su kai ƙarshen babin ba.

Abin dariya a cikin abin kuka, risalar tasa a kan hukunce-hukuncen ijara take, wato haya. Mutum ya shekara biyu yana bambance wa mutane saye da haya da aro da kyauta, bai lura alƙalamin da yake rubutun da shi na aro ba ne. Ba shi kaɗai ba. Kalmar "kyauta" da muke gani a jikin manhajoji ta tara abubuwa da yawa da ba su da dangantaka da juna, mu kuma muna ɗaukarsu duk ɗaya.

Akwai wadda kyautar tata kamar waƙafi take. Ba ɗalibin ilimi a garin nan da bai san Maktabatus Shamila ba. Tun 2005 take hannun mutane, dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu da lugga, ka rubuta kalma ɗaya ta zaƙulo maka duk inda ta fito cikin ƙiftawar ido, aikin da a da sai mutum ya wuni a laburare. Ba ta ƙirga maka kwanaki, ba ta neman katin banki. Aibinta na ɗan Adam ne: mutane ne suka shigar da rubutun, don haka akan samu tuntuɓen harafi, kuma ba kowane littafi ne lambar shafinsa ta dace da bugaggen ba. Malaman kirki ba sa yarda ka kafa hujja da ita sai ka koma ka ga littafin da idonka, kuma suna da gaskiya. Haka nan cibiyar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke kan hanyar Tabuka, wadda aka buɗe a 1984, wadda kuma ta buga tarjamar Hausa ta marigayi Sheikh Abubakar Gumi, tana da manhajar Mus'hafin Madina da ake saukewa kyauta. Ka zaɓi sura da aya, ta saka maka ita a cikin takardarka da rasmin Usmani, ba sai ka rubuta da hannunka ka yi kuskure a Littafin Allah ba.

Su ma Turawa suna da irin nasu waƙafin, ko da ba haka suke kiransa ba. VLC, mai alamar nan ta hular kan titi, wadda ke buɗe kusan kowane irin sauti da bidiyo, ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi a Faris a 1996, aka sake ta ga kowa a 2001, har yau ba talla a cikinta. 7-Zip, mai kwance ƙunshin fayiloli, wani ɗan Rasha mai suna Igor Pavlov ya fitar da ita a 1999. Na kan ambace ta ne saboda kusan duk kwamfutar da aka kawo mini sai na tarar da WinRAR a ciki tana tuna wa mai ita cewa kwana 40 na gwaji sun wuce. Ita WinRAR mai kunya ce, ba ta rufe maka ƙofa, tunatarwa kawai take yi, shi ya sa wasu suke shekara goma suna danna "rufe" suna wucewa. To amma me ya sa za ka zauna cikin bashin da ba ka da niyyar biya, alhali ga wadda aka ba ka halak malak tana yin aikin?

Ita manhajar gwaji ban ɗauke ta abokiyar gaba ba. Ɗanɗano ne, kamar yadda mai dabino a kasuwa yake miƙo maka ƙwaya ɗaya ta ajwa. Matsalar tana zuwa ne in ka ɗauki ɗanɗano a matsayin abincin dare. Ni kaina na taɓa faɗawa. Wata manhajar gyara takardun PDF na buƙata don cike fom ɗaya tak, suka ce kwana bakwai kyauta amma sai na sa lambar kati. Na sa, na cike fom, na manta. Sai saƙon banki ya tuna mini. Da na koma na karanta sharaɗin, a rubuce yake, ni ne ban karanta ba. Tun daga ranar, duk gwajin da ya nemi kati, kafin in rufe shafin nake neman inda ake sokewa, in kuma ban gan shi ba, na haƙura da manhajar.

Yanzu tambayar da nake yi kafin in zuba aikina a cikin kowace manhaja ɗaya ce: ranar da muka ɓata da ita, wa zai riƙe kayana? In takarda ce da wasu manhajoji da yawa suke iya buɗewa, hankalina a kwance yake. Da ƙanen nan nawa ya zo mini tun ranar da alƙalaminsa ya tsaya, da cikin rabin awa mun gama. LibreOffice tana nan kyauta tun 2011, tana buɗe takardun Word tana gyarawa. Word ɗin kanta akwai ta kan intanet kyauta ga mai asusun Microsoft, duk da ba ta kai ta kan kwamfuta cika ba. Jami'o'i da yawa kuma suna ba ɗalibansu cikakkiyar ta hanyar imel ɗin makaranta, sai dai mutum ya je ya tambayi tasa.

Amma kada in yi muku daɗin baki. Wanda yake rubuta wasiƙa ko aikin aji na shafi goma, LibreOffice ta ishe shi har abada. Wanda yake rubuta risalar Larabci mai shafi ɗari huɗu, da hashiya a ƙasan kowane shafi, da ayoyi cikin rasmin Usmani, zai ga wasu abubuwa suna gocewa in yana kai takardar yana komowa tsakanin manhajoji biyu: layi ya tsallaka, lambar shafi ta canza, fihirisa ta daina dacewa. Manhajar Mus'hafin ma da Word aka gina ta ta yi aiki. Irin wannan ɗalibi shawarata gare shi ya nemi lasisi na halak, ko ta makaranta ko ya biya na watannin da suka rage masa, ya lissafa shi cikin kuɗin karatu kamar yadda yake lissafa kuɗin buga risalar da ɗinke ta.

Wani zai ce ai kamfanonin nan sun fi ƙarfin 'yan riyalolinmu, ɗaukar nasu ba sata ba ce. Na sha jin wannan a majalisar bayan la'asar, har daga bakin waɗanda suka fi ni karatu. Ni ba mufti ba ne, amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamban 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Ko ka bar maganar hukunci a gefe, ka tambayi kanka: wanda ya ɓata dare yana ɓalle kwaɗon manhaja, ya biya kuɗin ajiye ta a intanet, ya yi bidiyo yana koya maka, duk don Allah yake yi?

Mun goge kwamfutar tas, muka sake girka komai daga shafukan masu su. Na sa shi ya buɗe ma'ajiyar intanet, na kuma ce duk daren Juma'a ya tura wa kansa risalar ta imel, filashi kuma in ya gama kwafa ya zare shi ya sa a aljihu. Mushrifinsa, Allah Ya saka masa, ya ƙara masa mako biyu. Hotunan yaran wasu sun samu a wayar mahaifiyarsu, na shekarar farko a Madina kam sun tafi.

Yanzu haka da nake wannan rubutu yana falona, don gidansa yara ba sa barinsa. Shi yana karanto takardun masu jan biro, wani abokinsa ɗan Zariya mai saurin hannu yana bugawa. Sun kai shafi na 31 cikin 58. Daga nan sai sashen ƙarshe, wanda ba a taɓa bugawa a takarda ba, shi kuma sai ya koma Shamila da laburare ya sake haɗo shi daga farko.