A Tuna da 'Yan Mazan Jiya Tun Suna da Rai

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da 'yan mazan jiya da iyalansu suke ciki a ƙauyukanmu. Ni ɗan tsohon soja ne, kuma ƙaramin ɗan kasuwa mai awon hatsi, saboda haka maganata za ta fi karkata ga 'yan'uwana manoma da 'yan tireda da masu kasa kaya, ko da yake hukuma ma tana da nata kason.

Kowa dai ya san ranar 15 ga watan Janairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Nijeriya. A da, zamanin Turawa, ranar 11 ga Nuwamba ake yi, sai daga baya aka mayar da ita 15 ga Janairu saboda ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A wannan rana Shugaban Ƙasa yakan ajiye furanni a Abuja, gwamnoni su ajiye a jihohinsu, a busa begila, a harba bindiga, a saki tattabaru. Wannan duk ya yi kyau, ba ni da ja. Amma tambayata ita ce, idan aka watse daga fareti, mene ne yake isowa gidan tsohon kofur da ke kwance a Mahuta ƙafa ta ƙi taka ƙasa? Me yake isowa ɗakin matar da aka kawo wa kakin mijinta a jaka, ga yara huɗu ga babu? Furen da aka ajiye a Abuja ba ya zama tuwo a nan.

Jama'a, mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne a aikin soja. Tun zamanin Turawa ake ɗibar samarinmu a kai su Defo na Zariya a yi musu horon kurtu, har ma Hausa ta zama harshen da ake magana da shi a rundunar ta Nijeriya, Bature kansa sai ya koye ta. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, an fara kai sojojinmu gabashin Afirka a 1940 zuwa 1941, suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha. Daga nan aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Indiya, suka shiga dazuzzukan Bama suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Wasunsu ma ba bindiga aka ba su ba, dako suka yi, suna ɗauke da harsashi da abinci a ka cikin tsaunukan da mota ba ta shiga. Da yawa can aka binne su. Waɗanda suka dawo kuwa, kuɗin sallamar da aka ba su bai kai na Baturen da ke da igiya ɗaya da su ba.

Mai karatu ya taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa barikokinmu suke da sunaye masu wuyar faɗi? Barikin Chindit a Zariya, da Kalapanzin a Kaduna, da Myohaung da Arakan a Legas, da Letmauk a Ibadan, duk daga yaƙin Bama suka samo asali. Barikin Bukavu na Kano kuwa sunan wani gari ne a Kwango, inda sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya daga 1960 zuwa 1964. To ka ga sunayen wuraren da aka yi faɗan suna nan a jikin allo, amma sunayen 'ya'yan talakawan da suka yi faɗan sun ɓace, sai ɗan abin da jikoki suka riƙe a ka.

Sai kuma yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, wata talatin cur. Kafin yaƙin sojojin Nijeriya ba su wuce kamar dubu 10 ba, amma kafin a gama sun kai wajen dubu 250. Daga ina aka samo wannan jama'a? Ai daga gonaki ne da tashoshin mota da kasuwanni irin namu. Ƙasar Katsina ta ba da manyan hafsoshi da kowa ya san sunansu, irin su Janar Hassan Usman Katsina da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da Janar Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansu. Amma a bayan kowane hafsa ɗaya akwai ɗaruruwan farabiti da kofur da saje waɗanda ba a sa wa ko lungu sunansu ba.

Mahaifina yana cikin waɗannan. Ya ajiye fartanya ya shiga soja a 1968, aka tura shi runduna ta ɗaya, yana cikin waɗanda suka shiga Umuahia a watan Afrilun 1969. Ya dawo da rai, amma da ɗingishi, kuma da wani ciwon da ido ba ya gani. Mu da muka tashi a gidan mun san idan damina ta faɗi aka fara tsawa cikin dare, Baba ba ya barci, sai ya fito tsakar gida ya zauna da carbi har asuba. Bai taɓa yi mana alfahari da yaƙi ba. Abin da yakan faɗa mana shi ne ya ga yaran da yunwa ta cinye a can, kuma duk wanda ya ga abin da ya gani ba zai ƙara yin wasa da zaman lafiya ba. Har ya rasu ba ya yarda a zagi Inyamuri a gabansa. Ni a wurinsa na koyi cewa wanda ya san yaƙi shi ne ya fi kowa gudunsa, masu kiran a tashi a yi galibi ba su taɓa jin warin albarushi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wahalar da ya sha a kan fansho lokacin da ƙarfi ya ƙare. Na sha raka shi wani ofishi wajen tantancewa, mu bar gida da duku-duku, mu tarar da layin tsofaffi, wani da sanda, wani an goyo shi, wani ido ya tafi sai jika ke jan sa. A wuni a rana, a ce a dawo gobe. Wata tafiyar sai da muka sayar da buhun masara kafin muka haɗa kuɗin mota da na kwana. Wallahi duk mai imani ya ga wannan layi sai ya yi hawaye. Kuma kada a ce zancen da ne. A 2022, da kuma farkon 2025, tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu, duniya ta gani.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu, ai soja ma'aikacin gwamnati ne, albashi ake biyansa, gwamnati ta ji da abinta. Wani ma zai ƙara da cewa shi abin da ya sani game da soja shi ne tsawa a shingen hanya, ko kuma zuwa bayan ɓarayin daji sun gama ɓarna sun tafi. Ban ce babu wannan ba, kuma wanda aka zalunta yana da ikon ya yi kuka. Amma laifin wani ba ya shafe alherin wani, kuma marayan da aka bari bai tare kowa a hanya ba. Albashi kuma ana biyansa ne a kan aiki, babu albashin da ya kai kuɗin rai.

Mu duba halin da muke ciki mana. Wanda yake zaune a Faskari ko Sabuwa ko Ɗandume ko Ƙanƙara, ba sai an ba shi labarin rashin tsaro ba. Ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 ba. Mun ga gonakin da aka bari saboda tsoro, mun ga yadda auduga da masara suka ragu a wasu wuraren da da can ake loda motoci. Duk ranar da ka kai kaya kasuwar Funtuwa ko Malumfashi ka dawo lafiya, akwai wani ɗan talaka da ya kwana a daji da bindiga. Haka 'yan'uwansu suka yi a Laberiya tun daga 1990, da Saliyo, da Darfur, da kuma Barno, inda aka rasa jarumai irin su Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori a Nuwambar 2016, da waɗanda suka kwanta dama a Metele a 2018. Yaron da ke tunanin shiga soja a yau yana kallon yadda muke yi da tsohon sojan unguwarsu. Idan ya ga yana bara a tasha, me zai sa ya ba da ransa? Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Don haka ga 'yan shawarwarina, kuma galibinsu ba sa bukatar sa hannun kowa a Abuja.

Na farko, mu masu 'ya'ya da ƙanne a soja, mu matsa musu su gyara sunan magajin da suka rubuta a takardunsu. Yaro yakan shiga yana saurayi ya rubuta sunan uba ko wa, ya yi aure ya haihu bai sake komawa kai ba. Ranar da ta Allah ta kasance sai rigima ta tashi, wanda sunansa ke takarda ya karɓi kuɗi ya ɗauka nasa ne, matar na cikin takaba ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wanda aka rubuta sunansa ya ji tsoron Allah, ya kai abin gaban malamai ko alƙali a fitar wa kowa haƙƙinsa. Dukiyar maraya wuta ce.

Na biyu, a adana takardu. Takardar sallama, da lambar soja, da katin shaida, da takardar aure, da na haihuwar yara, a yi musu hoto a ajiye a wuri biyu. Gidaje nawa ne gara ko gobara ko ɗigar ɗaki ta raba su da haƙƙinsu? Ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan bokonmu kuma, malaman makaranta da ma'aikatan da suka yi ritaya, su taimaka wa waɗanda ba su iya karatu ba wajen cika takarda da rakiya, don kada 'yan damfara su samu ƙofa. Akwai ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa, wato Nigerian Legion, wadda aka kafa da doka tun 1964, akwai kuma hukumar fanshon soja a Abuja. Duk wanda ya tare ka a waje ya ce ka ba shi kuɗi ya fito maka da fansho, ka yi hattara da shi.

Na uku, mu dawo da gayya. Da can idan mutum ya gaza, samarin unguwa sukan taru su nome masa gona a wuni ɗaya. Me zai hana kowace damina a ware rana guda don gonar tsohon soja da ta matar da mijinta ya rasu a bakin daga? Idan kaka ta yi aka zo fitar da zakka, waɗanda suka cancanta a cikinsu a sa su a gaba. Mu 'yan kasuwa kuma, tiya ɗaya daga kowane mai awo ba za ta karya kowa ba, amma idan ta taru sai ta ciyar da gida wata da watanni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, ina kira ga masu unguwanni da dagatai da hakimanmu, Allah ya ja zamaninku, a sa a rubuta sunan duk wanda ya yi soja a kowane gari, da inda ya yi faɗa, da wanda ya bari. 'Yan yaƙin Bama kusan duk sun tafi. Waɗanda suka yi yaƙin basasa, ƙaraminsu ya haura shekara saba'in. Shugabannin makarantu su riƙa gayyato su suna ba yara labari, matasa masu waya su ɗauki muryarsu. Idan muka yi sake, nan da 'yan shekaru ba sauran wanda za a tambaya.

Na biyar, ga hukuma. A riƙa kawo tantancewa kusa da jama'a, wanda ba ya iya tashi a same shi a gida. Kuɗin da ake tarawa wajen sayar da bajen tunawa da mazan jiya kowace shekara, a riƙa bayyana nawa aka samu da kuma wa aka ba, a faɗa a rediyo da Hausa kowa ya ji. Sannan kada a manta da iyalan 'yan sanda da 'yan sa-kai da dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, domin harsashi ba ya tambayar launin kaki, kuma kukan maraya iri ɗaya ne.

A ƙarshe, Malam Edita, addu'a ga mamaci wajibi ce a kanmu kuma muna yi. Amma mai rai ya fi bukatar a gaishe shi yau, a tambaye shi ya jiki, a ga ko an ɗora tukunya a gidansa. Duk wanda ya karanta wannan wasiƙa, ina roƙonsa kafin Juma'a mai zuwa ya nemi gidan tsohon soja ɗaya ko matar marigayi ɗaya a unguwarsu ya yi sallama. Zumunta a ƙafa take.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba masu rai lafiya, ya raya marayu, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina a jiharmu da ƙasa baki ɗaya, amin.

Naku,
Ɗan tsohon soja,
Mahuta, Jihar Katsina.