Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Dillalan Adabi da Matasan Marubuta, Wa Zai Biya Wa?

Malam Edita,

Don Allah a ba wannan wasiƙa ɗan fili saboda wata magana da ta shafi matasan marubuta.

Kwanakin nan wata sanarwa ta yi yawa a wayoyin masu rubuta ƙagaggun labarai: wai ga dillalan adabi can a Landan ko New York suna neman sababbin marubuta, a hanzarta aika rubutu kafin a rufe karɓa. Wata sanarwar gaskiya ce, wata kuma tarko, kuma yaron da ya gama littafinsa na farko, zumuɗi na ɗibarsa, da wuya ya bambance su. Alhali sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Duk wanda ya taɓa shiga kara a Wudil ko Maigatari ya san dillali: shi ya san mai saye, shi ya san farashin ranar, shi ke tsayawa tsakani har a sallama, kuma ba ya taɓa la'ada sai kuɗi sun shiga hannun mai dabba. Dillalin adabi ma haka yake, sai dai hajarsa littafi ce da ba a kai ga bugawa ba.

Wani ɗan Sikotland, A. P. Watt, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya fara wannan aiki gadan-gadan, a Landan wajen 1875. Ya riƙe harkokin marubuta irin su Rudyard Kipling da Arthur Conan Doyle, yana cire kashi 10 cikin 100 na abin da ya samo musu. Masu kamfanonin wallafa na lokacin ba su so haka ba ko kaɗan, don sun saba ciniki da marubuci shi kaɗai, ba mai faɗa masa darajar aikinsa. William Heinemann har a rubuce ya yi wa dillalai kallon cima-zaune. Abin dariya, ta hannun dillali littafin da ya fi fito da sunan kamfaninsa a Afirka ya iso gidan. Chinua Achebe ya aika rubutun Things Fall Apart, kwafi ɗaya tilo da ya rubuta da hannu, zuwa wani shagon buga tafireta a Landan, aka jefar da shi gefe tsawon watanni, sai da shugabarsa a gidan rediyo, Angela Beattie, ta je da kanta ta yi musu tsiya kafin suka buga. Daga nan ya tura wa dillalin da Gilbert Phelps na BBC ya nuna masa. Wasu kamfanoni suka ƙi, Heinemann ya karɓa, aka buga kwafi 2,000 a watan Yunin 1958.

Yau lamarin ya juye. Manyan kamfanoni biyar da suka mamaye kasuwar littattafan Ingilishi, wato Penguin Random House da HarperCollins da Simon & Schuster da Hachette da Macmillan, galibi ba sa duba rubutun da bai biyo ta hannun dillali ba. La'ada ta koma kashi 15 a cinikin gida, kashi 20 idan an sayar da haƙƙin fassara a wata ƙasa. Shi kuwa dillali, kafin ya kai ga wannan la'ada, zai zauna da marubuci su gyara littafin, wani lokaci watanni, ya zaɓi editocin da ya san irin abin da suke so, ya kai musu. In biyu ko uku sun nuna sha'awa sai ya sa gwanjo. Shi ke jayayya a kan kafin alƙalami, shi ke karanta yarjejeniya layi-layi, kuma shi ke hana kamfani haɗiye komai a loma ɗaya: haƙƙin bugawa a Amurka daban, na Birtaniya daban, na fassara daban, na fim da na karantawa a saurara su ma daban.

Labaran dacewa sanannu ne. Christopher Little ya yi ta yawo da littafin farko na Harry Potter, kamfanoni 12 suka ƙi, kafin Bloomsbury ta buga shi a 1997, a shekarar kuma Scholastic ta sayi haƙƙin bugawa a Amurka kan dala 105,000. David Godwin da ya karanta The God of Small Things jirgi ya hau zuwa Delhi don kada wani ya riga shi ga Arundhati Roy, aka tara mata kafin alƙalami na kusan fam 500,000, littafin ya ci kyautar Booker a 1997. Imbolo Mbue 'yar Limbe ta Kamaru, Susan Golomb ce ta sayar mata da Behold the Dreamers ga Random House a 2014 kan kuɗin da aka ce sun kai dala miliyan ɗaya. Sai dai a yi hattara da irin waɗannan labarai. Ana yawan faɗarsu ne domin ba su da yawa. Mafi yawan marubuta abin da ake ba su bai kai kusa da haka ba, wasu ma dillali ya karɓe su amma littafin ya ƙi sayuwa. Kuma da waɗannan labaran ne 'yan damfara ke yin koto.

Gane su ba wuya ga wanda ya riƙe ƙa'ida ɗaya. Ƙungiyar dillalan adabi ta Amurka ta haramta wa mambobinta karɓar kuɗin karatu. Don haka duk wanda ya ce a biya kuɗin rajista, ko na duba rubutu, ko na gyara, ko na kai littafi baje koli, kafin a yi wani ciniki, to marubucin ne hajarsa, ba littafin ba. Tun 1998 Victoria Strauss da A. C. Crispin suka kafa Writer Beware don fallasa irin waɗannan. Dorothy Deering ta jihar Kentucky ta yi shekaru tana karɓar kuɗin marubuta da sunan dillanci har ta ƙare a gidan yari. Haka kuma hukumomin Amurka sun gurfanar da masu wani kamfani, PageTurner, bisa zargin karɓe kusan dala miliyan 44 daga marubuta sama da 800, yawancinsu tsofaffi, da alkawarin za a mayar da littattafansu fim. Akwai ma masu aron sunan dillalan gaskiya. Filippo Bernardini, wanda aka kama a filin jirgin New York a Janairun 2022, ya yaudari mutane ya karɓi rubuce-rubuce sama da 1,000 da ba a buga ba, ta hanyar canza harafi ɗaya ko biyu a adireshin imel. Dillalin gaske wasiƙu sun yi masa yawa, ba kasafai yake bin baƙo da yabo ba. Marubuci ne ke neman sa, da wasiƙa mai shafi ɗaya da taƙaitaccen labarin da babi uku na farko, sannan ya jira, wani lokaci amsar ba ta zuwa sam.

To, ko da sanarwar ta gaskiya ce, saura abin da ya fi damun mai wannan wasiƙa: dillalin da ke Landan ba ya jin Hausa.

A dubi marubutan yankinmu da suka fita duniya. Helon Habila na Kaltungo da kansa ya buga Prison Stories a Legas a 2000, labari ɗaya daga ciki ya ci kyautar Caine a 2001, sai ga Waiting for an Angel ya fito a Landan a 2002. Abubakar Adam Ibrahim a gida Parrésia ta fara buga masa Season of Crimson Blossoms a 2015, ya ci kyautar NLNG ta dala 100,000 a 2016, daga baya aka fassara shi zuwa Faransanci da Jamusanci. Djaïli Amadou Amal ta Marwa a Yawunde aka fara buga littafinta a 2017, ya ci kyautar Orange a 2019, wani kamfani a Faris ya sake fitar da shi da sunan Les Impatientes, ya ci Goncourt ta 'yan makaranta a 2020. Dukkansu a gida suka fara, gasa ta ɗaga su, sannan na waje suka waiwayo. Dukkansu kuma da Ingilishi ko Faransanci suka yi rubutu.

Mai rubutu da Hausa sai ya bi ta kan mai fassara. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, amma sai a 2012 masu karanta Ingilishi suka same shi, da fassarar Aliyu Kamal, kuma wani ƙaramin kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga. Indiyawan sun nuna abin da fassara ke iya yi. Geetanjali Shree da Hindi ta yi rubutu, Daisy Rockwell ta fassara, suka ci kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a 2022. Banu Mushtaq da harshen Kannada take rubutu, Deepa Bhasthi ta fassara, suka ci a 2025, aka raba musu fam 50,000 daidai wa daida. A irin wannan tafiya, sau da yawa mai fassara shi ke yin aikin dillali: ya fassara 'yan shafuka, ya rubuta bayani, ya bi kamfanoni.

Amma buƙatar da ta fi gaggawa a gida take. Tun gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar, hukuma ce ke tsakanin marubucin Hausa da mai karatu, daga baya kamfanin wallafa na NNPC ya gaji aikin. Da wannan ya ja baya a shekarun 1980, marubutan Kano suka zama komai da kansu: su rubuta, su biya maɗaba'a, su kai wa 'yan kasuwa bashi, su yi ta zaryar karɓar kuɗi. Yanzu ciniki ya koma WhatsApp, littafi ɗaya kuma ya kan zama haja huɗu. Ana sayar da shi a waya, ana karanta shi a rediyo, ana ɗora muryar karatunsa a YouTube, wani lokaci Kannywood ta mai da shi fim mai dogon zango. Yawancin wannan da baki ake ƙulla shi, wani ma ba a tambayi mai littafin ba. Alhali dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa sabuwarta hannu a Maris 2023, ba ta amince da mallaka wa wani haƙƙin littafi ba sai a rubuce.

Za a ce kashi 15 na ɗan abin da marubucin Hausa ke samu ba zai ciyar da kowa ba. Gaskiya ne in marubuci ɗaya ne. Amma mutumin da ya riƙe marubuta talatin ko arba'in, ya iya karanta yarjejeniya, ya san furodusoshi da gidajen rediyo, yana da mai fassara biyu a hannu, wannan lissafinsa daban ne. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da sababbin marubuta mata duk shekara, kuma da an gama bikin ba da kyauta yawancinsu ba mai riƙe musu harka.

Roƙon da ake wa wannan jarida guda biyu ne, Malam Edita. Kada a buga tallar duk wani mai neman marubuta sai ya nuna littattafan da ya taɓa sayarwa da kamfanonin da suka saya. Sannan a gayyato lauya da ya san dokar haƙƙin mallaka, tare da shugabannin ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano, su fassara samfurin yarjejeniyar fim da ta karatun rediyo zuwa Hausa, a buga a shafin adabi, kowane marubuci ya yanke ya ajiye.



Daga mai karatunku,
Tudun Wada, Zariya.