Kafin alƙalami: ramin da kuɗin matasa ke faɗawa a kasuwar intanet

Wani ɗan baffana a Kwatarkwashi ya yi damina guda yana noman waken suya a 'yar gonar da mahaifinsa ya yanka masa. Da kaka ta yi ya sayar, ya ware naira dubu 85 ya ce waya zai saya, don tasa gilashinta ya tsage har yatsa yake yanka. A wani shafin saye da sayarwa ya ga irin wadda yake so, Landan yus, an ɗauke ta hoto gaba da baya, kuma kuɗinta ya yi ƙasa sosai da abin da ake faɗa a shagunan Gusau. Mai tallar ya ce yana Kano. Ya yi sallama cikakkiya, ya kira shi malam, ya ce matarsa ce ke kwance asibiti shi ya sa zai karyar da ita. Sannan ya kawo maganar da ta gama da yaron: "Ba sai ka sha wahalar zuwa ba, ai ka san yadda hanyarku take. Turo rabi kafin alƙalami, in ba direba a tasha, in saƙo ya iso ka cika."

Ya tura dubu 40. Bayan awa uku wani ya kira, ana jin hayaniyar tasha a bayansa, ya ce shi ne direba, sun iso Funtuwa, amma mai kaya ya ce kada ya miƙa saƙo sai an cika kuɗi. Ya cika. Tun la'asar ya je bakin titi ya zauna yana leƙen duk motar da ta fito daga wajen Tsafe, har aka kira isha'i. Lambobin nan biyu, daga ranar har yau, a kashe suke.

Kada ka yi dariya, mai karatu. Yaron nan ba wawa ba ne, ya fi ni iya lissafi, kuma in ka kai shi kasuwa ba mai sayar masa da akuya mai tari. Abin da ya ci shi, shi ne ke jiran ni da kai.

Duba yadda muka shigo wannan harka. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, muka yi makonni ba kira ba data. Ba a yi shekara biyu ba, a farkon 2023, sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, har mai shayi da mai ƙosai suka koma karɓar tiransifa. Cikin 'yan watanni kowa ya buɗe OPay ko PalmPay ko Moniepoint, mai POS ya zama bankin unguwa. Dole ce ta koya mana tura kuɗi da sauri, ba wanda ya tsaya ya koya mana tantance wanda muke tura wa. Ga kuma matsalar da mutumin Legas ko Abuja ba shi da ita kamar mu: hanya. Duk wanda ke bin titin Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ya san da addu'a ake shiga mota. To idan wani ya ce maka zauna gida a kawo maka, ji za ka yi kamar taimakonka ya yi. 'Yan damfara sun san wannan sarai, kuma da shi suke cin abinci.

Iyayenmu ba su san intanet ba, amma sun san ciniki. Je kara a Tsafe ka tsaya ka gani. Mai saniya na nan, mai saye na nan, saniyar na nan ana buɗe mata baki ana duba haƙora. A tsakani ga dillali, wanda ya san garin mai dabba, ya san ubansa, kuma gobe in ta tabbata ta sata ce shi za a fara kamawa. La'adar da ake ba shi kuɗin wannan lamunin ne. Sai an ce "na sallama" kuɗi ke fita daga aljihu, kuma hannun da ya karɓi kuɗi shi ne ke miƙa igiya.

Shafukan talla ba dillalai ba ne, wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu gane ba. Jiji, wanda aka kafa a Legas a 2014 kuma ya karɓe harkar OLX ta Najeriya a 2019, da Facebook Marketplace, da guruf-guruf ɗin WhatsApp na "saye da sayarwa" da ke cike da wayoyinmu, duk allo ne da kowa ke iya liƙa takardarsa. Ba su ga kayan ba, ba su riƙe kuɗinka ba, ba za su biya ka ba in an cuce ka. Shi kansa Jiji yana rubuta gargaɗi a jikin tallace-tallacensa cewa kada a biya kafin a ga kaya, ko da kuɗin kawowa ne, kuma a haɗu a wurin da jama'a suke. Mu dai ba ma karantawa, idonmu na kan farashi.

Matsayina a nan ɗaya ne: kada kuɗinka ya riga kaya tafiya wurin mutumin da ba ka sani ba. Ko rabi, ko kwata, ko "kuɗin mota kawai", ko "dubu biyar don in riƙe maka, wani ma na so". Sunan da aka raɗa wa kuɗin ba shi da muhimmanci. Kuma ka lura, ɗan damfara ba ya tsayawa a turawar farko. Ya san da zarar dubu 40 ɗinka ta shiga hannunsa, tsoron asararta zai sa ka ƙara wata. Direban bogi, jami'in kwastan na bogi da ya "tare mota", yaron tasha da ke neman kuɗin ajiya, duk mutum ɗaya ne ko abokansa da ke zaune ɗaki guda.

Na san abin da za ka ce, don abokaina sun faɗa mini: ai kullum ana aiko da kaya a mota daga Kantin Kwari da Farm Centre, kuma suna isowa. Gaskiya ne. 'Yan kasuwa na kirki sun fi macuta yawa, kuma da yawa daga 'yan'uwanmu mata da wannan aike suke riƙe da kansu. Amma tambayi duk wanda kayansa ke isowa lafiya, za ka tarar akwai wani a tsakani: ubangidan da aka daɗe ana hulɗa da shi, ko ɗan gari da ke zaune can. Wato dillalin nan dai bai mutu ba. Wane ne a cikinmu ba shi da ko mutum ɗaya a Kano ko Kaduna ko Zariya? Tura masa kuɗin adaidaita ya je ya ga kayan da idonsa, ya kunna, ya biya a wurin, shi ya kai tasha. In mai talla ya fara cewa shagon a rufe yake, ko ya yi tafiya, ko kayan na sito, ka samu amsarka kyauta. In kuma ba ka da kowa, ka nemi kiran bidiyo, ka ce ya riƙe wayar ya danna *#06# ka ga lambar IMEI ta fito, ko ya rubuta sunanka a takarda ya ajiye kusa da kayan. Wanda ya sato hoto daga shafin wani ba zai iya ba, sai ya ce kyamararsa ta lalace. Hoton ma kana iya saka shi a Google Lens ka ga ko tun bara yake yawo da sunaye daban-daban. Farashi kuwa, shiga Bebeji Plaza a Gusau ka tambayi shago uku. Kowa ya ga arha ya ga abin dubawa, ba wanda ke yin asarar dubu 40 don yana ƙaunar baƙon da bai taɓa gani ba.

Akwai wata dabara da ta fi wannan muni, domin tana cin har wanda ya je ya gani da ido. Ɗan damfara zai ɗauki hoton babur ko kwamfuta daga tallar mutumin kirki, ya sake liƙawa da lambarsa a farashi mai sauƙi. Kai mai saye ka kira shi. Sai ya kira mai kayan na gaskiya ya ce, "Ina so, zan turo ƙanena ya duba, amma kada ka yi maganar kuɗi da shi, ni zan biya." Kai kuma ya ce maka, "Je wuri kaza, yarona na can da kayan, amma kada ka tattauna farashi da shi, bai san na rage maka ba." Ka je, ka ga babur, ka hau ka zagaya, komai lafiya. Ka tura kuɗi asusun da aka ba ka a waya. Ka ce a ba ka makulli, mai babur ya ce wane makulli, shi bai ga ko sisi ba. Ku biyu ku kama rigar juna har ofishin 'yan sanda, alhali wanda ya cuce ku ko garin bai taɓa takawa ba. Maganin wannan ba shi da wuya, amma sai ka cire kunya: tambayi wanda ke riƙe da kayan, baki da baki, nawa ne, kuma wane asusu. Sunan da ya fito a fuskar wayarka kafin ka danna tura, ya zama na mutumin da ke tsaye gabanka. Duk cinikin da aka ce maka "kada ka yi magana da wane", akwai ƙura a ciki.

Ke kuma 'yar'uwa mai sayar da atamfa, abaya, turaren wuta ko kek a sitatus, naki tarkon daban ne. Za a turo miki hoton shaidar tura kuɗi, wani lokaci har saƙon tes mai kama da na banki, ga ɗan acaɓa a ƙofar gida yana ta hon wai sauri yake. Hoto ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ba kuɗi ba ne, yaro mai waya da ɗan wayo zai haɗa su cikin minti biyar. Buɗe manhajar bankinki ki ga ma'aunin kuɗinki ya ƙaru. In aka ce "matsalar netwok ce, zai shigo", ki ce to kayan ma sa jira netwok. Haka in aka ce an yi kuskure an turo dubu 50 maimakon 15, ki maido da ragowar: duba tukuna, sau da yawa ko sisin ba a turo ba.

Guruf ɗin unguwa ko na 'yan aji ma ba tabbas ba ne. Ana sace WhatsApp ɗin mutum ta hanyar yaudararsa ya faɗi lambobi shida da aka turo masa, sai a yi amfani da sunansa da hotonsa a tallata kaya ga mutanen da suka yarda da shi. In abokinka ya saka talla ya ce a tura wani asusu da ba sunansa ba, kira shi a layi ka ji muryarsa. Kai ma shiga saitin WhatsApp ɗinka ka kunna matakin tsaro na biyu, ba ya cin minti biyu.

Yanzu ga maganar da ba ma so a yi. Kuɗin ɗan baffana ba sama suka tashi ba, asusun wani suka shiga, mai suna da BVN. Tun Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta haɗa hatta ƙananan asusu da BVN ko NIN, shi ya sa macuta ba sa amfani da nasu, na matasa irinmu suke aro. "Za a turo kuɗi ta akawun ɗinka, ka cire ka ba ni, ka riƙe dubu uku." Wallahi na ji wannan tayin da kunnena a makaranta, kuma na ga waɗanda suka karɓa suna ganin banza ta faɗi. Ranar da bincike ya tashi, sunan da ke jikin asusun ake bi, wanda ya ba ka dubu ukun ya canza layi tuni. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, har zuwa 20, ba zaɓin tara, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara, kuma mai taimakawa ma bai tsira ba. Ka auna dubu uku da wannan.

In kuwa ta riga ta faru da kai, abokin gabarka na farko kunya ce. Ɗan baffana sai da ya kwana huɗu kafin ya faɗa wa kowa, yana cewa wayar na hanya. Awannin farko su ne masu amfani. Kira bankinka nan take ko ka je reshe, ka ba su lambar cinikin da asusun da kuɗin suka shiga, don su tuntuɓi ɗaya bankin ko za a iya riƙe kuɗin kafin a kwashe. Ɗauki hoton tallar da duk hirarku kafin a goge. Kai rahoto ga 'yan sanda, kana kuma iya kai ƙorafi EFCC, wadda ke da ofishin shiyya a Sakkwato da manhajar Eagle Eye ta kai rahoto ta waya. Danna wurin kai ƙara a shafin da ka ga tallar don a sauke ta. Ba zan yi maka ƙarya ba, sau da yawa kuɗin ba sa dawowa. Amma shirun da muke yi don kada a ce mana "ɗan boko guda an wanke shi" shi ne ke bai wa talla ɗaya damar cin mutum goma a ƙaramar hukuma ɗaya. Faɗa a guruf, saka lambar da sunan asusun, ko da za a yi maka tsiya kwana biyu.

Da labarin ya kai kunnen baffa, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Wanga mutum da ka tura ma kuɗɗi, ɗan wa ne?" Yaron ya yi shiru. Makon jiya ya turo mini hoto: wayar nan dai, kan zanin gado ɗaya, da ɗan tabon nan a gefen kyamara. Sunan mai tallar ya canza, yanzu wai yana Kaduna, kuma mahaifiyarsa ce ba lafiya.