Ba Fim Ɗin Ne Abin Kunya Ba

Tun ranar da matasanmu suka haska Salaam Bombay a gidan kallo, wasu manya ke ta kumfar baki, wai an kawo fim ɗin 'yan ƙwaya a ɓata tarbiyya. To, mu dai mun kalla, kuma muna da magana.

Mira Nair ce ta shirya shi a 1988, da yaran titi na gaske. Labarin Krishna ne, yaron da uwarsa ta ce kada ya dawo gida sai da rufi 500. Ya faɗa birnin Bombay yana kai wa mutane shayi, yana kwana a titi. Abokinsa Chillum, da ƙwaya ta gama cinyewa, ya sace ɗan abin da ya tara, ƙarshe ita ta kashe shi.

Don Allah, wane ne baƙo a nan? Ku zaga Sabo da asuba, ku ga masu kwana a barandar shaguna da rumfunan kasuwa. Yaro ya biyo motar shanu daga Arewa, ya ce sai ya tara na komawa. Shekara uku yana nan, kunya ta hana shi tafiya, tiramol ta zama abincinsa. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma wa ya isa ya rantse an daina sha a lungunanmu? Mun san masu sayarwa, muna sahu ɗaya da su a masallaci.

Shekara da shekaru muna kallon fim ɗin Indiya, rawa da waƙa, ba wanda ya ce uffan. Sai da aka nuna mana kanmu ne tarbiyya ta tuno mu? Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki.

Bayan fim ɗin, masu shi sun kafa gidauniyar Salaam Baalak don yaran titi. Mu me muka kafa? Muna kira ga Mai Girma Sarkin Hausawa da limamanmu: a samar da ɗakin kwana ko guda ne, a rubuta sunan duk yaron da ya sauka da na mai masaukinsa, a tunkari masu sayar da ƙwaya ido da ido. In mun ƙi, gawar da za a tsinta gobe, mu ne dai za mu yi mata sutura.