Lasin Bindiga Ba Ya Ƙetare Iyaka

In kaka ta wuce, aka kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, mafarauta kan saɓa bindigoginsu su nufi daji. Waɗanda ke zaune a bakin iyakar Arewa, tun daga Kamba da Illela har Jibiya da Maigatari, sau da yawa dajin da suka sani tun kakanni yana cikin ƙasar Nijar. A ganinsu ba baƙon wuri suka tafi ba, gama mutumin Katsina da na Maraɗi danginsu ɗaya, harshensu ɗaya, sun kuwa riga iyakar zama a wurin. Sai tsakanin 1898 da 1906 Ingila da Faransa suka shata ta. Duk wannan gaskiya ne, amma jami'in da ke tsaron iyaka ba ya tambayar zumunci, takarda yake tambaya. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne, lasin bindiga a bakin iyakar ƙasar da ta ba da shi yake ƙarewa.

Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin na soja, ba mai riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa. Akwai na harsashi da ake farauta da su, kamar mai baki biyu, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sa'an nan akwai bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da iko a kanta. Wannan lasin na mallaka ne kawai. Fita da bindiga daga ƙasa ko shigo da ita wata magana ce dabam, mai bukatar nata izni. Dokar ta kuma hana a bi da makami ta ko'ina a tudu sai ta garuruwan bakin iyaka da aka ayyana. Watau wanda ya ratsa ta turbar shanu da bindigarsa ya yi fasa-ƙwaurin makami, ko da lasinsa na cikin aljihu, ko da kuwa zomo kaɗai ya fita nema.

A 2006 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar ƙananan makamai, ta fara aiki a 2009. A cikinta an ce baƙon da zai shiga wata ƙasa da bindiga na ɗan lokaci ya nemi izni tun kafin ya taso, ya faɗi dalilinsa da irin bindigar da lambarta, a ba shi takardar shiga, a kuma rubuta fitarsa. To, Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu 2025, saboda haka mai niyyar zuwa can kada ya dogara da abin da ya ji a da. Ya je ofishin jakadancin Nijar a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Kano ya yi tambaya.

Hanyar mai son bin doka a fili take, ko da yake tana da tsawo. Ya tabbata lasinsa bai mutu ba. Ya sami iznin fita daga hukumar ƙasarsa, da na shiga daga hukumar ƙasar da zai je. Ya bi ta ƙofar da aka sani, ya nuna wa 'yan kwastan bindigar tun ba su tambaya ba, a duba lambarta, a ƙirga harsashi. Bayan wannan kuma sai ya nemi takardar farauta daga ma'aikatan gandun daji na can, gama iznin riƙe bindiga ba shi ne iznin harbin nama ba, akwai kuma dazuzzuka irin su Gadabeji da aka hana farauta cikinsu sam. Wanda ya ga ba zai iya wannan ba, ya bar bindigarsa a gida ya tafi ziyara hannu sake.

Wani zai ce an tsananta wa talaka, alhali ɓarayin daji na ratsa iyaka da manyan makamai ba mai tambayarsu. Mun ji wannan kuka, ba mu kuwa raina shi ba. Amma shi ne ma babban dalilin yin hattara. Tun da gwamnatin Libiya ta faɗi a 2011 makamai suka bazu cikin Sahel, jama'a suka cika da tsoro, har duk mai bindiga ya zama abin zargi. A watan Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo bayan an ga bindigogin toka a motar da suke ciki. Wannan zalunci ne da ba shi da hujja, a cikin ƙasarsu kuma aka yi musu shi. Ina ga wanda aka kama a ƙasar wani ba ko takarda?

Nauyin yana wuyan ku malaman makaranta da akawunan ofis. Yawancin mafarauta ba su karanta Turanci, balle Faransanci, ku ne idonsu. Ku zauna da Sarkin Baka da mutanensa kafin lokacin farauta, ku bayyana musu dokar da Hausa. Akawun da maharbi ya zo wa da tambaya kada ya kore shi, kada kuma ya nemi goro a hannunsa, ya nuna masa ofishin da ya dace. Muna kuma roƙon Gwamnati ta buga waɗannan sharuɗɗa da Hausa, boko da ajami, a manna a kasuwannin iyaka. Rashin sani ya fi dare duhu, ba ya kuma fid da mutum gaban alƙali. Allah ya sa mu gane.