Fenti A Bango: Ko Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

A gindin dutsen Muƙattam, gabas da tsakiyar birnin Alƙahira na ƙasar Masar, akwai wata unguwa da ake kira Manshiyat Nasir. Yawancin mazauna wani sashe nata Kibɗawa ne, wato 'yan'uwanmu Kirista na Masar, kuma sana'arsu ita ce kwasar sharar birni, su kawo ta gida su tsince abin da za a sake amfani da shi. Mutanen gari suna kiransu Zabbalin, wato 'yan bola, ba su kuma ƙaunar taka unguwar.

A shekarar 2016 wani mai zane ɗan asalin Tunisiya da ake kira eL Seed ya je wurin da abokan aikinsa. Sai da ya nemi yardar limamin cocin unguwar da ta masu gidaje kafin ya ɗaura igiya a bango. Ya yi zane guda ɗaya da harufan Larabci wanda ya ratsa gine-gine wajen 50, ba a kuwa iya ganinsa cikakke sai an hau dutsen. Abin da ya rubuta ya ɗauko shi ne daga koyarwar Atanasiyus, bishop na Iskandariya a ƙarni na 4, game da tsabtace ido kafin a ga haske. Daga baya shi kansa mai zanen ya shaida cewa ya je ne don ya ƙawata unguwa, amma idonsa ne mutanen suka wanke.

Mun kawo wannan labari ne domin unguwannin da yawancinmu muke zaune, a Kaduna ko Jos ko Kano, sun san irin wannan raini. Yaro ya je neman aiki ya faɗi sunan unguwarsu, sai ka ga fuska ta sāke. Idan aka daɗe ana gaya wa mutum cewa wurinsa juji ne, wata rana zai yarda, shi ma ya riƙa zuba shara a ƙofar gidansa.

Wani zai ce, mai jin yunwa ina ruwansa da fenti? Gaskiya ne. Fenti ba ya yashe kwata, ba ya kawo ruwan famfo, ba ya biyan kuɗin makaranta. Mun kuma san abin da Ubangiji ya faɗa a kan kaburburan da aka shafe da farar ƙasa. Idan hukuma ko wata ƙungiya ta zo ta shafe bangon da ke bakin titi don baƙi su gani, ta bar cikin lungu da wari, wannan yaudara ce, bai kamata mu tafa mata ba.

Amma bari mu duba birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka. A shekarar 1984 hukumar birnin ta ɗauki wata mai zane, Jane Golden, ta yi aiki da samarin da suke ɓata bangayen mutane da rubuce-rubuce. Maimakon a kore su, sai aka ba su buroshi, aka koya musu aiki. Shirin ya ɗore, ya kuma samar da zane sama da 4,000. Asirin abin shi ne kafin a taɓa bango sai an tara maƙwabta sun yi shawara a kan abin da za a zana. Mutanen da suka zauna tare don zaɓen launi, gobe za su iya zama tare a kan maganar kwata.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya zaga cikin birnin Zariya ko Kano ko Damagaram ya ga yadda magina na dā suka ƙawata fuskar zaure da dagi da sauran zane, a kan bangon ƙasa kawai. Bulo da kwano ne suka sa muka manta.

Saboda haka muna kira ga dattawan ikkilisiya, da zumuntar mata, da ƙungiyoyin matasa, su gwada. A fara da bango ɗaya, na makarantar firamare ko na asibitin unguwa. A sanar da mai unguwa, a gayyaci maƙwabtanmu Musulmi tun daga ranar shawara, ba ranar buɗewa ba. A guji hoton mutum da duk rubutun da zai sa wani ya ji an tsokane shi. Dagi da furanni da itatuwa na kowa ne. A share kwatar gindin bangon kafin a buɗe gwangwanin fenti. A kuma bar samarin unguwar su riƙe buroshi da hannunsu, gama wanda ya sha rana yana zane ba zai bari a yi fitsari a gindin bangon ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu zuciyar farawa. Amin.