Dokin Ƙarfe da Girman Kan 'Yan Boko

Akwai tambayoyi guda uku da suka zame wa 'yan boko tamkar farilla a duk lokacin da tsofaffin abokai suka haɗu bayan dogon rabo, ko a wurin ɗaurin aure ne ko a taron tsofaffin ɗalibai. Da zarar an gaisa an tambayi iyali, sai a shiga: wace irin waya kake riƙe da ita yanzu, ina kake aiki, sa'annan da me ka zo? Ta farko da ta biyu ana iya yi musu kwana, amma ta uku ba ta da maɓoya, domin amsarta tana ajiye a ƙofar gida kowa yana gani. Idan kuwa wani ya ce a kan keke ya zo, sai fuskoki su sauya, a koma yi masa magana da muryar masu jaje. Wani ma ya ja shi gefe ya ce, "Malam, lafiya dai ko? Ko aikin ne ya sami matsala?" Wannan ɗabi'a ce muke so mu ƙalubalanta, domin a ganinmu jahilci ne da ya sanya rigar ilimi.

Da farko, ya kamata mu tuna cewa ba haka iyayenmu suka ɗauki keke ba. A zamanin En'e, malamin makaranta da malamin asibiti da akawu duk a kan keke suke zuwa aiki, ana kuma ganin girmansu. Wanda ya mallaki Raleigh, ya goge shi yana ƙyalli, ya kaɗa ƙararrawa a bakin kasuwa, ya san ya isa. Bahaushe da kansa ya raɗa masa suna dokin ƙarfe, kuma duk wanda ya san matsayin doki a ƙasar Hausa ya san wannan ba ƙaramin kirari ba ne. Har marigayi Alhaji Aliyu Namangi, mai Imfiraji, bai ga keke ya yi ƙanƙantar da ba za a yi masa waƙa ba.

To, yaushe abin ya lalace? Ya lalace ne tun lokacin da kuɗin man fetur suka ruɗe mu. Rahoton Udoji na 1974 ya jawo ƙarin albashi mai yawa, ma'aikata suka yi rububin sayen babura da motoci, aka jingine kekuna a zaure suna tsatsa. Da guguwar tsuke bakin aljihu ta 1986 ta zo, arziki ya gudu, amma girman kai ya ƙi binsa. Maimakon mu koma ga abin da ƙarfinmu zai iya, sai muka rungumi tsofaffin motocin da Turawa suka gaji da su, waɗanda ake kira tokumbo, wanda bai samu ba kuwa ya ɗare bayan ɗan acaɓa. Wato mun gwammace mu ci bashi mu sayi juji, da a gan mu muna taka feda.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda masu raina keke suke cika baki da zancen fasaha. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, hirarmu ta koma ta wane ya fi wane sabuwar na'ura. Amma wa ke iya buɗe wayarsa ya gyara? Shekara biyu ko uku batirinta ya mutu, sai a jefar a nemi wata. Shi kuwa keke, siffar da John Kemp Starley ya fito da ita a Ingila a 1885, da tayar iska da Dunlop ya ƙaro a 1888, su ne har yau ake amfani da su. Mai faci a Sabon Ibadan ko a Agege zai warware shi tsaf, daga sarƙa zuwa birki, ya mayar da shi kafin a kira sallar La'asar. Fasahar da talaka zai iya mallaka, ya gyara, ya bar wa ɗansa, ita ce ta cancanci yabo. Sauran kuwa, mu 'yan kallo ne kawai, masu biyan kuɗi.

Mu koma kan aiki da albashi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Duk da haka, za ka sami malami wanda tsakanin gidansa da ofishinsa bai fi kilomita uku ba, yana zuba kaso mai tsoka na albashinsa a tanki, yana ƙorafin kuɗin makarantar yara. Ya wuni zaune gaban kwamfuta, ya koma gida zaune cikin mota. Ranar da likita ya ce masa hawan jini ko ciwon sukari ya kama shi, sai ya je ya biya kuɗi a ɗakin motsa jiki, ya hau keken da aka kafe a ƙasa, ya yi ta tuƙi yana gumi ba tare da ya je ko'ina ba. Wannan a wurinsa wayewa ce, amma keken da zai kai shi aji ƙasƙanci ne!

Waɗanda muke kwaikwayo fa? A ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa. Mark Rutte, wanda ya yi shekara goma sha huɗu yana Firayim Minista, a kan keke ya bar ofis ranar da ya miƙa mulki a 2024. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, tun 2018, ta keɓe 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Da yawa daga cikin manyan malamanmu da suka yi karatu a Turai da keke suka riƙa zuwa ɗakin karatu, amma da saukarsu daga jirgi sai abin ya zama sirrin da ba a faɗa wa ɗalibai.

Mun san za a ce hanyoyinmu ba su da aminci, ga rana, ga nisa. Za a kuma kawo mana labarin marigayi Ojo Maduekwe, Ministan Sufuri a gwamnatin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su hau keke, har wata motar bas ta ture shi cikin rami a Abuja a 2001. An yi ta yi masa dariya. Mu kuwa muna ganin abin kunyar na masu tsara titi ne, waɗanda suka gina babban birni sabo fil ba su bar wa mai keke ko taku ɗaya ba. Ba mu ce a tashi daga Legas zuwa Kano a kan sirdi ba, ba mu kuma ce tsoho ko marar lafiya ya hau ba. Maganarmu a kan gajeriyar tafiya ce, wadda ita ce mafi yawan zirga-zirgarmu ta yau da kullum.

Babbar hasarar ma ba ta aljihu ba ce. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, mu kuwa mun mayar da shi cikin tanki. Abokin da aka yi wa kallon tausayi sau ɗaya ba zai sake zuwa taro ba. Wanda ba shi da kuɗin mai kuma sai ya fake da aika saƙo ta waya, har ta'aziyya ma a rubuce. Haka abotar shekara ashirin take mutuwa a tsaye.

Saboda haka, muna kira ga hukumomin jami'o'i da su fara gyara daga cikin gida, inda titi yake hannunsu. A shata wa masu keke hanya, a yi musu rumfar ajiya mai tsaro kusa da azuzuwa da ɗakunan kwana, a kuma ba ƙananan ma'aikata rancen saye. Malamai su shige gaba, domin ɗalibi ba zai ji kunyar abin da ya ga farfesa yana yi ba. Ku kuma ɗalibai, kada ku gaji wannan cuta daga gare mu. Allah ya ganar da mu, ya raba mu da girman kan da babu riba a cikinsa, amin.